Shin Shari'ar Aure da Saki Sana'a Ce da Za Ta Riƙe Lauya?

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗaliba ce a aji biyar a tsangayar shari'a, kuma raina ya fi kwanciya da shari'o'in iyali, wato aure da saki da riƙon yara. Da na faɗa wa mahaifina sai ya ce wannan ai aikin kashe wa mutane aure ne, ba ya so a san 'yarsa da shi. Wani yayana lauya kuma ya ce babu kuɗi a ciki, gara in nemi harkar kamfanoni ko ta filaye. Don Allah mene ne gaskiyar aikin, me ya kamata in shirya tun yanzu, kuma zai iya riƙe ni?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da kike son ji shi ne ko Baba yana da gaskiya a kan mutuncin aikin, ko Yaya yana da gaskiya a kan aljihunsa, sannan in kin shiga me za ki tarar. A gaskiya Yaya ya fi kusa da daidai, ko da yake shi ma rabin labarin ya ba ki. Bari in fara da maganar Baba, don ita ce za ki yi ta ji har daga bakin mutanen da ba su kai shi ƙaunarki ba.

A auren Musulunci saki a hannun miji yake. Ba ya buƙatar lauya, ba ya buƙatar alƙali. Furuci ne ko 'yar takarda, yanzu kuma har da saƙon waya. Mafi yawan auren da ke mutuwa a garuruwanmu a tsakar gida yake mutuwa, ba lauyan da ya ji labari. Kafin mace ta hau matakalar ofishina an yi yaji an yi biko, iyaye sun zauna, an je wurin mai unguwa ko liman, a Kano sau da yawa an biya ta Hisbah. Abin da ke isowa gare mu ragowa ne: yara a hannun wa za su zauna, wa zai ciyar da su, ina kayan ɗakinta, sakin nan ɗaya ne ko uku, ko kuwa miji ya yi shekara biyu bai sake ta ba bai kuma riƙe ta ba. Dokar ma da kanta sulhu take sa mu fara nema. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, kuma alƙalanmu na aiki da wannan kullum. A ɓangaren auren rajista kuwa, lauya ba zai shigar da ƙarar raba aure ba sai ya sa hannu a takardar da ke tabbatar da cewa ya yi wa mai ƙara bayanin hanyoyin sasantawa. Na sha rufe fayil saboda an shirya, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.

Dokoki uku a ƙasa ɗaya

Abu na farko da za ki tambayi duk wanda ya zauna a gabanki shi ne wane irin aure aka ɗaura. Najeriya ta yarda da auren Musulunci, da auren gargajiya, da auren rajista wanda ake yi a ƙarƙashin Dokar Aure. Kowanne da kotunsa, kuma wanda ya kai ƙara inda ba hurumi ya yi wahalar banza.

Auren rajista Babbar Kotu ce kaɗai ke raba shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Dalili ɗaya tal dokar ta sani, cewa auren ya lalace lalacewar da ba ta gyaruwa, kuma sashe na 15 ya jera abubuwa takwas da ake tabbatar da hakan da su: zina tare da kasa jure zama, halin da ba za a iya zama da shi ba, ƙaurace wa aboki na shekara ɗaya, zaman rabe na shekara biyu in ɗayan bai ƙi ba, ko na shekara uku ko ya ƙi ko ya so, da sauransu. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, kuma hukuncin farko na wucin gadi ne, sai bayan wata uku yake tabbata. Kada ki ce wannan na 'yan Kudu ne. Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos cike suke da masu irin wannan aure, akwai Hausawa Kirista, kuma masu wannan shari'a sukan fi iya biyan lauya.

Amma in a Kano ko Katsina ko Sakkwato za ki zauna, yawancin aikinki a kotun Shari'a zai kasance. Daga can a ɗaukaka zuwa Babbar Kotun Shari'a, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli. Ki haddace sashe na 277 na tsarin mulkin 1999, domin shi ya iyakance abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha za ta saurara: aure da rabuwarsa, waliccin yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Manyan kotuna sun sha rushe hukunci saboda rikicin mallakar fili ne zalla aka kai can da sunan gado. Shekaru sun tafi, kuɗi sun tafi, a ce a koma farko.

Abin da digiri ba zai ba ki ba

Hanyar zama lauya kin san ta: shekara biyar a jami'a, shekara ɗaya a makarantar horar da lauyoyi, ko Bagauda ko Bwari ko Yola ko duk inda aka tura ki, a rantsar da ke, ki yi bautar ƙasa. Ba wata takardar shaida ta musamman da ake ba lauyan iyali. Ƙwarewar a kotu ake samun ta, da kuma a gaban malami.

Na ce malami domin kotunanmu da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma ba a tattara hukunce-hukuncen iyali cikin kundi ɗaya mai sashe-sashe ba kamar yadda Maroko ta yi. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya tayar da maganar yin irin wannan kundi a 2017, aka yi ta muhawara a kai. A zauren kotu dai abin da alƙali zai buɗe shi ne Risala, da Mukhtasar na Khalil da sharhohinsa, musamman kuma Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, wadda baitocinta ke bakin kusan kowane tsohon alƙali. Lauyan da ya miƙe yana ta jero hukunce-hukuncen Ingila a gaban mutumin da ya haddace Tuhfa, za a saurare shi cikin ladabi, sannan a yi abin da za a yi. Ba lalle ki zama malamar Larabci ba, amma ki kai matsayin da za ki buɗe babin saki ko na shaida ki nemo nassi da kanki, ki karanta shi ba tare da kin yi tuntuɓe ba. In jami'arku na haɗa shari'ar Musulunci da ta zamani, kamar yadda ake yi a Bayero da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, kin samu tushe, amma tushe ne kawai.

Tsarin shari'ar ma daban ne. Hujja a kan mai da'awa take, rantsuwa a kan wanda ya musa, kuma sanin wane ne mai da'awa na ainihi ba kullum yake bin wanda ya fara kai ƙara ba. Akwai wanda shaidarsa ba ta karɓuwa ga wani saboda kusanci ko gaba. Akwai kuma i'izari, wato kafin alƙali ya yanke hukunci ya tambayi wanda hukuncin zai faɗa kansa ko yana da sauran magana ko hujja. In ba a yi shi ba, ko an yi ba a rubuta ba, hukuncin na iya rushewa a sama komai kyansa. Shi ya sa nake bin kwafin shari'a layi-layi. Da Hausa ake zaman, da Hausa ake rubutawa, in an je kotun tarayya a fassara shi zuwa Turanci, kuma a wajen fassarar nan abubuwa na ɓacewa.

Khul'i ko cutarwa

Ga inda lauya ke nuna amfaninsa. Mace za ta shigo, mayafi a ja har goshi, ƙanwarta riƙe da jariri a baya. Ba ta gama zama ba za ta ce, "Barista, ko nawa ne zan biya, ni dai a raba." Ta ji ana cewa khul'i, ta san in ta mayar da sadaki za ta fita. Aikinki shi ne ki tsayar da ita ki tambaya: yana dukanki? Wa ya taɓa gani? An je asibiti, akwai kati? Yaushe rabon da ya kawo cefane? Maƙwabta sun sani?

Dalilin tambayoyin shi ne hanyoyin biyu ne, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne. Khul'i fansar kai ce, ita za ta biya. Raba aure saboda cutarwa kuwa alƙali ne ke yi in ta tabbata, ba ta biyan ko sisi. Malikiyya sun sauƙaƙa mata a nan fiye da yadda mutane suka zata, don ana karɓar shaidar ji, wato abin da ya bazu a unguwa cewa yana cutar da ita. Har ma in ta riga ta biya khul'i daga baya ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tilasta ta, tana iya karɓo kuɗinta. Sai dai hanyar cutarwa doguwa ce, shaidu na gudu don ba mai son ya ɓata da maƙwabci, kuma matar da ta gaji ba ta son jin an ɗage zama. Wani lokaci nakan ba da shawarar khul'in duk da na san an cuce ta, in sadakin kaɗan ne kuma zamanta a igiyar na da haɗari. Wani lokaci kuma in ce ta daure. Ita ke zaɓa, amma sai ta san abin da take sayarwa.

In an tafi khul'i, faɗan yakan koma kan adadi. Miji zai zo da doguwar takarda: lefe, kuɗin gaisuwa, kayan sa rana, abincin biki, wani har da kuɗin da zai auri wata. Matar da ta yi shekara goma ta haifa masa huɗu a ce ta biya wannan duka. A nan za ki tsaya ki ja, kuma kotunan sama sun sha mayar da irin wannan adadi kan sadakin da aka bayar. Ki kuma tabbatar ta gane cewa khul'i ba shi da kome, in suna son juna daga baya sai sabon ɗaurin aure.

Maza ma na zuwa, kada ki ɗauka aikin na mata ne kaɗai. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai takardar da ya rubuta saki uku cikin fushi da daddare, da safe yana neman lauya ya samo masa ƙofa. Mashhurin Malikiyya uku ne, ko da wasu malamai na ganin ɗaya ne. Ni ba mai fatawa ba ce, abin da kotu za ta yi nake faɗa masa, kuma duk wanda ya fara kawo mini zancen auren kisan wuta nakan nuna masa cewa ba ofishin da ya dace ya zo ba.

Yara, da hukuncin da ke kan takarda

Mafi nauyin aikin a nan yake. A al'ada, da an yaye yaro uba ke aikowa a ɗauke shi, a kai wa kishiya ko kaka, kuma mata da yawa sun ɗauka haka addini ya ce. A Malikiyya kuwa uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ba ya tsallakawa wurin uba kai tsaye, mahaifiyarta ce ke biye, sannan 'yan'uwanta mata. Ciyarwa da tufatarwa da magani da wurin kwana duk a kan uba suke ko yaran na ina. Wadda aka saka saki mai kome tana da ciyarwa har ta gama idda, mai ciki har ta haihu, wadda igiyarta ta yanke tana iya neman ladan shayarwa. Na ga mata sun fashe da kuka a ofis da jin wannan, ba don an ba su komai ba tukuna, don dai ba wanda ya taɓa gaya musu.

To amma samun hukunci daban, samun kuɗi daban. In uban ma'aikaci ne mai albashi da sauƙi, ana iya neman a riƙa cira daga tushe. In ɗan kasuwa ne a Kwari ko Singa, ba takardar albashi, ba littafin ciniki da zai nuna, zai rantse kasuwa ta mutu alhali jiya ya kai lefen wata. Zai biya wata biyu ya tsaya. Ki koma kotu, a aika sammaci, ya kawo rabi, ya sake tsayawa. Ga tsadar rayuwa: adadin da aka yanka kafin cire tallafin mai a 2023 yau ba ya sayen abin da yake saye, sai an koma an nemi ƙari. Saboda haka na fi son yarjejeniyar da aka yi a gaban wanda mijin ke jin kunya, wansa ko ubangidansa a kasuwa, a rubuta dalla-dalla, kuɗin makaranta kai tsaye ga makaranta, buhun abinci duk wata, ranakun da zai ga yaransa, sannan a kai kotu ta mayar da ita hukunci. Irin wannan ta fi daɗewa a raye fiye da wadda aka ƙwata da ƙarfi.

Akwai kuma kayan ɗaki, wanda ba a koyar da shi a aji amma zai ci miki lokaci. Ranar kwashe kaya za ki ga ma'aikacin kotu tsaye da takarda, a-kori-kura a ƙofar gida, ana jayayya a kan firji da injin markaɗe. Ƙa'idar fiƙihu ita ce in ba hujja, abin da aka saba na mata ne nata ne da rantsuwa, na maza nasa ne da rantsuwa. To talabijin fa? Shi ya sa nake gaya wa iyayen amare su ajiye rasit da jerin abin da suka kai.

Maganar kuɗi

Yaya bai yi ƙarya ba. Wadda ta fi buƙatarki ita ce wadda ba ta da abin biyanki, sau da yawa ɗan'uwanta ne zai haɗa wani abu, a ba ki kashi-kashi, ragowar kuma Allah ya saka da alheri. A ƙananan kotunan Shari'a mutane da yawa ba sa ɗaukar lauya sam, da bakinsu suke magana. Wanda ya ce zai rayu da shari'ar saki kaɗai a Arewa zai sha wuya, musamman a shekarun farko da ake aiki a ƙarƙashin wani da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Abin da Yaya bai faɗa miki ba shi ne iyali ba saki kaɗai ba ne. Gado na ciki, da wasiyya da kyauta da waƙafi, kuma a nan dukiya take. Attajiri ya rasu ya bar mata huɗu da 'ya'ya ashirin da gidaje da shaguna da hannun jari, wani ɗa na cewa an ba shi gida kaza kyauta tun da rai, wata mata na cewa ba a sake ta ba, wani yaro ana musun nasabarsa. Lauyan da ya iya lissafin gado, ya san sharaɗin karɓar kyauta kafin mai bayarwa ya rasu, ya kuma san dokar filaye ta 1978, ba zai rasa aiki ba. Matar da kika karɓo wa 'ya'yanta yau ita za ta kawo ki ranar rabon gadon mahaifinta. Talla a wannan sana'a ƙa'idojinmu sun taƙaita ta, aikin daga baki zuwa baki yake yawo, a gidan biki da gidan suna.

In kuma kin fi son albashi, akwai Ma'aikatar Shari'a, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, da ƙungiyoyi irin su FIDA ta mata lauyoyi da WRAPA mai kare haƙƙin mata, da koyarwa a jami'a, da kujerar majistare. Dokar haƙƙin yara ta 2003 da takwarorinta na jihohi sun buɗe wani fagen. Kasancewarki mace kuma jari ne a nan, domin akwai abin da mace ba za ta iya faɗa wa lauya namiji ba, musamman in matsalar ta shimfiɗa ce. In Baba na ganin kotu ba wurin 'ya mace ba ne, ki tuna masa cewa Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 2012 zuwa 2014.

Abin da aikin ke ci a jikin mutum

Za a kira ki ƙarfe ɗayan dare. Za a zage ki a harabar kotu, wani mijin ya ɗauka ke kika zuga ta. Ranar da suka shirya kuma, duk abin da kika faɗa a kansa za ta kwashe ta gaya masa, ki zama ke ce muguwar. Hausawa sun ce tsakanin miji da mata sai Allah, don haka ko da wasa kada ki zagi mijin wadda kike karewa. Ki tsaya kan abin da ya yi da abin da doka ta ce. Kada ki karɓi ɓangare biyu a rikici ɗaya ko da duka danginki ne, kuma in danginki ne ma gara ki miƙa wa wani. Sirri kuwa shi ne dukan jarinki. Garuruwanmu ƙanana ne ko da sun yi girma, labari ɗaya ya fita daga bakinki a gidan biki, kin gama. Sannan ki koyi jin labari ba tare da kin haɗiye shi duka ba, don wadda ke kuka a gabanki ma tana iya ɓoye rabin abin da ya faru, ki je kotu a buɗe miki shi a gaban jama'a.

Duk abin da na faɗa daga aikin Kano da jihohin da ke kewaye da ita na ɗebo shi, kuma dokokin kotuna na bambanta daga jiha zuwa jiha, sai ki duba na inda za ki zauna. Kafin ki yanke shawara, ki yi amfani da hutun da ke gabanki ki je kotun Shari'a mafi kusa da ku, ki gaida magatakarda, ki zauna a benci na baya mako biyu kina saurare. In an tura ku ofisoshin lauyoyi daga makarantar horarwa, ki nemi wanda ke zuwa kotun Shari'a da Babbar Kotu duka biyun. Ki samu malamin da zai biya miki babin aure da saki da shaida da gado. Baba kuma kada ki yi musu da shi, ki roƙe shi ya raka ki zaman kotun ko sau ɗaya, a ranar da ake shari'ar ciyar da yara.